Tambaya da Amsa: Mun gaji da "a rufa asiri", ta ina za mu fara?

Salam Anti, ni malamar Islamiyya ce a Rigasa, Kaduna. Watan jiya wani magidanci a layinmu ya lalata yarinya 'yar shekara 9 mai tallan awara, kafin gari ya waye manya sun zauna an ce a rufa asiri don kar ta rasa miji nan gaba, aka ba uwar kuɗin magani shikenan magana ta mutu, mutumin kuwa yana nan yana yawonsa. Mu matan layin mun gaji wallahi, muna so mu kafa ƙungiya mu fito da kwalaye, amma mazajenmu sun ce aikin 'yan boko ne. Ya za mu yi?
Maman Ummi

Wa'alaikumussalam Maman Ummi. Allah ya saka wa yarinyar nan, ya ba uwarta haƙuri.

Maganar kwalaye ki ɗan ajiye ta tukun. Abin da ya fi gaggawa shi ne kowace mace a layinku ta san me za ta yi a daren da abin ya faru, don nan ake yin asara. Awa 72 na farko su ne komai, a ciki ne ake ba da maganin kariya daga cutar ƙanjamau, in an wuce ba ya aiki, kuma kar a yi wa yarinya wanka kar a wanke kayan jikinta kafin likita ya duba, na san uwa hankalinta ba zai ba ta ba, abu na farko da za ta yi shi ne ta ɗora ruwan zafi ta gasa 'yarta, amma da ruwan nan shaida ke tafiya, gobe a kotu lauyan mutumin ya ce ina hujja. Ku a Kaduna ma kun yi sa'a akwai cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da rassa a Zariya da Kafanchan, ana duba wadda aka yi wa fyaɗe kyauta a rubuta rahoton likita. 'Yan Kano kuma akwai Waraka a asibitin Murtala. Ita ma yarinyar ku kai ta ko yanzu, akwai gwaje-gwaje da masu kwantar mata da hankali.

Doka kuma akwai ta. Dokar VAPP ta hana cin zarafi Jonathan ya sa mata hannu a 2015, jiharku ta yi tata a 2018, sannan a Satumban 2020 El-Rufai ya sa hannu kan dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ni dai a ganina tsananin hukuncin ma na cikin abin da ke sa dangi su ƙi kai ƙara in mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci, sai a ce so kuke a kashe shi? To wannan matsin ne uwa ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, amma in ku goma kuka raka ta ofishin 'yan sanda, kuka nemo lauyoyin FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi masu tsaya wa mata ba ko sisi, kuka yi karo-karon kuɗin mota duk ranar zaman kotu, da wuya a danne maganar.

Batun mazajenku, kar ku tsaya musu da su. Ku je wurin limamin Juma'a da mai unguwa, ku tafi da dattijuwar da ake jin nauyinta, ku roƙi huɗuba guda kan fyaɗe da dukan mata. Wanda ya ji daga mumbari ba zai ce boko ba ne. In kuna da reshen FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, kusa ku shiga ƙarƙashinsu, sunan ma kaɗai zai rage muku surutu.

Sai abu ɗaya da nake roƙonku, don Allah kar a sa hoton yarinya ko sunanta a Facebook ko guruf ɗin WhatsApp da sunan neman adalci, hoton nan zai bi ta har girmanta.

In kun tsaya da ƙafarku, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba ana kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata a duniya, lokacin gidajen rediyo ke neman masu magana, sai ku fito da kwalayenku. Ki sake rubuto min in kun ga liman.