Tambaya da Amsa: Na Dawo Gudu, Yaushe Zan Fara Atisayen Sauri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Koci. Ni malamin makaranta ne a Bukoki, nan Yamai, shekaruna 41. A da ina gudun yada-ƙanin-wani, sai hidimar iyali ta sa na jingine shi shekara shida. Wata biyar ke nan da na dawo, ina yin kamar kilomita 35 a mako, duk da sassarfa. Burina in je gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Legas a watan Fabrairu in gama cikin awa huɗu. Samarin da nake gani a filin wasa na Seyni Kountché suna yin mita 400 sau goma, kowane zagaye a daƙiƙa 90, sun ce in ban bi su ba ba zan taɓa yin sauri ba. In shiga cikinsu? Sai dai agarata ta dama tana ɗan ciwo idan na tashi da asuba, amma da na taka kaɗan sai ta saki.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Barka da dawowa fage. Kada ka bi yaran nan, aƙalla ba yanzu ba.

Mu fara da lissafi, tunda aikinka ne. Tseren kilomita 42.195 ne. Wanda zai gama shi cikin awa huɗu yana bukatar minti 5 da daƙiƙa 41 a kowace kilomita. Zagayen mita 400 a daƙiƙa 90 kuwa daidai yake da minti 3 da daƙiƙa 45 a kilomita. Tsakaninsu kusan minti biyu. Wannan gudun da za ka sha wuya a kansa, ranar gasa ba za ka taɓa kusantarsa ba. Abin da ke kayar da mutum a kilomita ta 30 ƙarewar ƙarfi ne da mutuwar ƙafa, kuma maganinsu yawan kilomitocin mako da dogon gudu. Kilomita 35 a mako ta yi kaɗan wa mai nufin Legas. Da za ka tambaye ni abu ɗaya da za ka ƙara, cewa zan yi ka hau da ita sannu a hankali zuwa 50 ko 55 kafin ƙarshen Disamba.

Yanzu maganar agarar nan da ka sako a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba. Ita ce babbar maganar. Idan mutum ya dawo gudu, zuciya da huhu da tsoka su ne ke fara farfaɗowa, cikin ƴan makonni sai ka ji haki ya ragu, ka ɗauka ka koma yadda kake a da. Jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi ba haka suke ba, jini kaɗan ke ratsa su, sai an yi watanni kafin su yi ƙwari. Kai ga kanka na tuna saurin da kake yi kana ɗan shekara 35, ƙirjinka ya yarda, agara ce kawai ba a yi shawara da ita ba. Gudun sauri kuwa a kan yatsu ake yinsa, nauyin duka a kanta yake sauka.

Gobe da asuba ka lura da takunka goma na farko, daga shimfiɗa zuwa inda butar alwala take. In kana ɗingishi ko kana dafa bango, jijiyar ba ta huce daga gudun jiya ba. Sannan ka zauna ka matsa ta da yatsa biyu, kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku sama da dunduniya, ka kwatanta da ta hagu. In ta fi kauri, ko akwai ɗan kumburi mai zafi, ka kai wa likita ko mai gashin ƙashi na asibiti ya duba kafin komai. Tunda ka haye arba'in, a auna maka hawan jini a tafiya ɗaya. Wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba: ƙwayar ciprofloxacin, wadda ake yawan sha idan an ce taifot ne, tana raunana agara har ta iya tsinkewa. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a takardar bayanin maganin. In ka sha ta kwanan nan, ka faɗa wa likitan.

Akwai motsin da ke taimakawa, wanda wani likitan Suwidin, Håkan Alfredson, ya fito da shi a 1998. Ka tsaya a bakin matakala ko dakalin ƙofar gida, yatsu a kai, dunduniya a iska. Ka ɗaga da ƙafa biyu, ka sauke dunduniyar mai ciwo ita kaɗai a hankali har ta wuce bakin dakalin. Sau 15, sahu uku, gwiwa a miƙe, sannan ka maimaita da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma. Shi tsarin nasa na mako 12 ne. Abin gundura ne, na sani, amma yana aiki.

Idan ka yi mako biyu kana tashi ba tauri, to sai a buɗe ƙofar sauri, kuma ta ƙarama za a shiga. Bayan sassarfarka ta kullum, sau biyu a mako, ka nemi wuri shimfiɗaɗɗe ka buɗe ƙafa na daƙiƙa 20, ka dawo da tafiya har numfashi ya daidaita, sau shida. Ba tsere ba ne, kafaɗa a sake, hannu a sake, kada ka cije haƙora. Mako uku a haka. Daga nan sai rana ɗaya a mako ka yi minti ɗaya da ɗan ƙarfi, minti biyu da sassarfa, sau takwas, ba tare da duba nisa ba. Ina son wannan wa masu dawowa saboda agogo ba ya samun damar tuna maka da tsohon lokacinka.

Wajen watan Disamba, lokacin da sanyin asuba ya shigo Yamai, shi ne lokacin aikin da ya fi maka amfani. Minti takwas sau uku, hutun minti biyu a tsakani, da saurin da za ka iya faɗin kalma uku ko huɗu amma ba za ka iya hira ba. Kowane mako biyu kuma ka cusa saurin gasar cikin dogon gudunka na Lahadi: in kilomita 24 za ka yi, takwas na ƙarshe ka riƙe minti 5 da daƙiƙa 40 a kowace kilomita. A nan ne ƙafa ke koyon riƙe taki bayan ta gaji. Dogon gudu mafi tsawo ya kai kilomita 30 ko 32, mako uku kafin gasa, daga nan sai ragewa.

Rana mai wuya ɗaya ta ishe ka a mako, ban da dogon gudun, kuma ka bar kwana biyu tsakaninsu. Sauran ranakun ka yi gudun da za ka iya gaisawa da masu ban ruwan lambu a bakin kogi ba tare da ka yanke magana ba. Eliud Kipchoge, ɗan tseren Kenya da ya gama irin wannan tsere cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a Balin ta Jamus a 2022, mafi yawan kilomitocinsa na mako a natse yake yinsu. Yaran filin wasa za su ce maka shahararren ɗan tseren nan Emil Zátopek da atisayen zagayen mita 400 ya ci zinariya uku a gasar Olympics ta Helsinki a 1952. Gaskiya ne, amma shi ya shekara da shekaru yana gina ƙafarsa ba yankewa, bai ajiye takalmi shekara shida ba.

Game da wuri: hanyar jar ƙasa mai tauri ta fi maka kwalta, ta kuma fi rairayi nesa ba kusa ba. Rairayi na nutsar da dunduniya yana jan agara, don haka tuddan yashin hayin kogi su jira. In ka shiga filin wasa, ka riƙa sauya gefen da kake zagayawa idan ba cunkoso.

Legas kuma ka tafi da shiri. A hunturun Yamai gumi na bushewa tun kafin ka gan shi, har mutum ya manta da shan ruwa. A Legas gumin zama yake a jiki don iskar cike take da laima, jiki ba ya hucewa da wuri. 5:41 ɗin da ka saba da shi a kan Gadar Kennedy ta Yamai zai fi nauyi a can. Ka fara rabin farko da jinkirin daƙiƙa goma a kilomita, in da saura a ƙafarka bayan ta 30 sai ka biya bashin.

TAMBAYA: Koci, ina azumin Litinin da Alhamis. Ƙungiyarmu kuma ranar Alhamis da la'asar take atisayen sauri. Yaya zan yi? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Talaje.

AMSA: Ƴar'uwa, Allah ya karɓa. Alhamis da la'asar kin yi awa goma ko fiye ba ruwa, ga zafin rana bai gama sauka ba, ba lokacin gudu mai wuya ba ne. Ki mai da naki Laraba da asuba ko Asabar. In kina son zumuncin ƙungiya, ki je ki riƙe musu agogo, ki yi sassarfar minti 20 dab da magariba, gorar ruwa da dabino na jiranki a jaka.