Tambaya da amsa: Me ke faruwa a mahaɗar mataccen tudun teku da layin karaya?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin duwatsu a nan Damagaram. An koya mana cewa ƙasan teku yana buɗewa a tudun tsakiyar teku, kuma akwai layukan karaya da ke yanka tudun gunduwa-gunduwa. To idan tudun ya daina buɗewa, me ke faruwa a inda ya haɗu da layin karayar? Ta yaya ake gane lokacin da ya tsaya? Kuma kwarin Termit namu, shi ma mataccen tudu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya ƙara basira. A taƙaice, idan tudu ya mutu buɗewa ce ta tsaya, amma raunin da karayar ta bari a jikin dutse yana nan, kuma yana iya sake motsi bayan miliyoyin shekaru.

Sai kin riƙe yadda wurin yake yana da rai kafin ki gane gawarsa. A tudun tsakiyar teku faranti biyu na ɓawon ƙasa suna ja da baya, narkakken dutse yana tasowa ya cike gurbin, ya daskare ya zama sabon ɓawo mai kaurin kilomita 6 zuwa 7. A Atlantika buɗewar santimita 2 zuwa 5 ce a shekara. Tudun kuwa ba miƙaƙƙe ba ne, guntaye ne da suka goce wa juna. Tsagar da ke haɗa ƙarshen wannan guntu da farkon wancan ita kaɗai ce farantan ke gogayya a kanta, can ake girgizar ƙasa. Tuzo Wilson ne ya bayyana haka a 1965, Lynn Sykes ya tabbatar da shi a 1967 ta nazarin girgizar ƙasa. Da an wuce bakin guntun tudu, ɓangarorin biyu sun zama faranti ɗaya, suna tafiya tare, sai tabon ya ci gaba da miƙewa ɗaruruwan kilomita ba motsi. Wannan tabon shi ne layin karaya. Ɗalibai da yawa suna haɗa tsagar gogayyar da layin karayar da suna ɗaya, daga nan kuma duk lissafinsu ke karkacewa.

Ita mahaɗar, tun tudun na raye wuri ne mai ƙarancin narkakken dutse, domin bakin guntun yana jingine da tsohon faranti mai sanyi da ke ƙetaren tsagar. Sanyin yana rage narkewa, ɓawon ya fito siriri. Shi ya sa a tudu mai buɗewa a hankali za ki tarar da rami mai zurfi daidai kusurwar, a gefensa kuma wani tsauni ya ɗago, inda tsagewa ta jawo duwatsun can ƙasa, gabro da feridotit, ta shimfiɗe su a fili. Ruwan teku yana bin tsagogin ya shiga feridotit ya mai da shi sarfantin. Nauyin dutsen yana sauka daga kusan giram 3.3 a kowace santimita kubik zuwa wajen 2.6, yana kumbura, yana yin santsi. Ki riƙe maganar sarfantin ɗin nan, za mu dawo kanta.

Tudu ba ya mutuwa dare ɗaya. Buɗewar takan yi ta raguwa, narkakken dutse ya fara ƙafewa daga bakin guntaye, wato a mahaɗar da kike tambaya, sai ja da tsagewa su rinjayi aman dutse, kwarin tsakiyar ya ƙara zurfi. Dalilan mutuwar sun bambanta. Tudun Aegir da ke tsakanin Norwe da Aislan ya mutu ne da buɗewa ta yi tsalle ta koma yamma, kan tudun Kolbeinsey. Na tekun Labrador ya tsaya wajen shekaru miliyan 33 da suka wuce, da Girinlan ta koma tafiya tare da Amurka ta Arewa. Ranar da buɗewa ta tsaya, tsagar gogayyar ma ta rasa aikin yi, don hagu da dama duk sun zama faranti ɗaya.

Daga nan sai sanyi ya kama aiki. Dutse in ya huce yana tsukewa ya yi nauyi ya nutse, kuma akwai lissafi mai sauƙi da Parsons da Sclater suka fitar a 1977, mai aiki ga ɓawon da bai wuce shekaru miliyan 70 ba. Ki ɗauki shekarun ɓawon a miliyoyi, ki nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da su, ki ninka da mita 350, ki ƙara a kan mita 2,500. Tudun da ya mutu shekaru miliyan 25 da suka wuce: 5 sau 350, mita 1,750, zurfi wajen mita 4,250 ke nan. Yanzu ki gwada a gefe biyu na layin karaya. In wannan gefe shekara miliyan 1 ne, wancan miliyan 9, akwai gangare na mita 700 tsakaninsu. Bayan wasu shekaru miliyan 16 sun zama 17 da 25, gangaren ya ragu zuwa mita 300 da ɗoriya kaɗan, saboda ƙaramin yana nutsewa da sauri fiye da babban. Tunda kuwa a manne suke, sai dutsen ya tanƙwara a bakin layin, ya bar rami a gefe ɗaya da ɗan tudu a ɗayan.

Batun gane lokacin mutuwar, aikin jirgin ruwa ne da na'urori. Ana fara duba taswirar ƙarfin jan ƙasa da tauraron ɗan'adam ya auna, inda mataccen kwari yakan fito a matsayin layi mai raunin ja, layukan karaya suna yanka shi a gicciye. Sai jirgi ya auna zurfi da amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, saboda haka daƙiƙa 4 zuwa da dawowa mita 3,000 ne. Gudun sautin yana canzawa da zafi da gishiri da zurfi. Kuskuren kashi 1 cikin 100 ya isa ya ɓatar da mita 30.

Babbar shaida ita ce maganaɗisu. Bazalt, wato baƙin dutsen da ke saman ɓawon teku, in yana daskarewa yana ɗaukar alƙiblar maganaɗisun duniya na lokacin, alƙiblar kuma takan juye, juyi na ƙarshe shekaru 780,000 da suka wuce. Vine da Matthews sun nuna a 1963 cewa wannan yana barin zane-zane iri ɗaya dama da hagu na tudu. Ana jan na'urar auna maganaɗisu a bayan jirgi da doguwar igiya don ƙarfen jirgin kada ya ruɗe ta, a ratsa tudun a gicciye, a nemo wurin da zanen dama ya yi daidai da na hagu. Nan ne tsakiyar, zanen da ke tsakiyar kuma shi ne shekarar mutuwa.

A nan ake yawan tafka kuskure, kuma akasari a kusa da mahaɗar. Layin jirgi dole ya tafi kafaɗa da kafaɗa da layin karaya, cikin guntu guda. In ya ƙetare karayar a tsakiyar hanya, an liƙa tarihin guntaye biyu wuri ɗaya ke nan. In kowane gefe yana buɗewa santimita 2 a shekara, gocewar kilomita 200 tana nufin tsallen shekaru miliyan 10. Sarfantin kuma yana haifar da ma'adinin magnetit, mai ba da nasa maganaɗisun da ba ruwansa da lokacin da ɓawon ya samu, don haka mu ba ma amincewa da awon da aka ɗauka dab da karaya in babu wani daga tsakiyar guntu da zai mara masa baya. Raguwar gudu kafin mutuwa tana matse zane-zanen ƙarshe har su cakuɗe. Akwai kuma tarkon samfurin dutse: wasu matattun tudu suna ci gaba da ɗan aman wuta bayan buɗewa ta tsaya, kamar duwatsun da suka taso a kan mataccen tudun tekun Kudancin Sin, wanda ya tsaya wajen shekaru miliyan 15 da suka wuce. In aka yaɓo dutse daga kan irin wannan tsauni aka auna shekarunsa, shekarun tsaunin aka samu, ba na mutuwar tudun ba.

Misalin da ya fi dacewa da tambayarki yana mashigin Drake, tsakanin ƙarshen Amurka ta Kudu da Antatika. Can tudun Phoenix ya yi ta matsowa ramin teku inda farantinsa ke nutsewa ƙarƙashin na Antatika, guntu bayan guntu yana isa ramin yana ƙarewa, layukan karaya ne iyakar kowane mataki. Guntaye uku da suka rage tsakanin karayar Hero da ta Shackleton suka tsaya wajen shekaru miliyan 3.3 da suka wuce. A gabas da Shackleton kuma tudun Yammacin Scotia ya riga ya mutu wajen shekaru miliyan 6. Matattu biyu ke nan dama da hagu, amma ita Shackleton har yau tana girgiza, domin ta zama iyaka tsakanin farantin Scotia da na Antatika, matsi kuma ya ɗaga ta ta zama dogon tsauni a ƙarƙashin ruwa. Kamar ƙwaryar da aka ɗinke ne: in ta sake shan nauyi, wurin ɗinkin take fara bi. Nikakken dutse da santsin sarfantin su ne ɗinkin.

Tekun Indiya ya nuna girman abin. Tudun Wharton ya mutu kusan shekaru miliyan 40 da suka wuce, amma ranar 11 ga Afrilu 2012 yankinsa, yamma da Sumatara, ya yi girgiza mai maki 8.6, bayan awa biyu wata mai 8.2 ta biyo. Wasu tsagogin sun bi alƙiblar tsofaffin layukan karaya, wasu sun yanka su a gicciye. Da yake motsin na gefe da gefe ne, bai ɗaga ruwa sosai ba, ba a yi babbar igiyar tsunami ba.

Termit kuwa ba mataccen tudun teku ba ne, kada ki rubuta haka a jarabawa. Kwari ne na tsagewar nahiya. Fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ɓawon nahiyar ya miƙe ya sirance a can da kuma kwarin Binuwai a Najeriya, amma bai tsinke har bazalt na teku ya fito ba. Shi ya sa ba za ki sami zanen maganaɗisu mai daidaita dama da hagu a Termit ba. Abin da za ki samu shi ne kilomitoci na yashi da laka da suka cike ramin, inda man Agadem da ake tacewa kusa da Zinder ya taru. Dangantakarsa da teku ta wajen karaya take: in kika bi layukan Chain da Charcot a taswirar Atlantika zuwa gabas, za ki ga sun shige ƙarƙashin bakin kogin Kwara sun nufi kwarin Binuwai, wanda shi da Termit tsarin tsagewa ɗaya ne na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.