Linjila, ikilisiya, Nasara: kalmomin da suka biyo hanyar Rum

Tambaya: Wani mai karatu daga Zariya ya ce, "Malam, ina asalin Linjila, ikilisiya da Nasara? Kuma karin maganar nan, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ita ce bayanin yadda Kiristanci ya mamaye daular Rum?"

Amsa: Linjila ta Larabci ta shigo mana, al-Injil. Wannan l ta farko ragowar "al" ce, irin ta littafi, liman da labari. Amma tushenta Girkanci ne, euangelion, wato albishir, shi ya sa Kiristoci Hausawa ke cewa bishara. Ikilisiya ma Girkanci ce, ma'anarta taron mutanen gari da aka kira.

A nan dalili na farko na yaɗuwar Kiristanci yake. Tun bayan yaƙe-yaƙen Iskandar, Girkanci ya zama harshen kasuwa daga Masar har Siriya, kamar yadda Hausa ta zama wa fataken goro daga Kano zuwa Gonja. Da shi Bulus, mai wa'azin Kiristanci mutumin Tarsus, ya rubuta wa mutanen Koranti da Tasalonika wasiƙu. Ga hanyoyin Rum shimfiɗe da duwatsu, ga jiragen ruwa, ga majami'un Yahudawa a manyan birane inda mai wa'azi kan fara sauka.

Nasara jam'in Nasrani ce, yawancin masana kuma suna danganta ta da garin Nazarat. A ja wasalin tsakiya, don kada ta rikice da nasara ta cin galaba. Da Turawa suka ci ƙasar Hausa, sai ta koma nufin Bature.

Karin maganarka kuwa ba ta zauna daram ba. A 303 sarkin Rum Diyokletiyan ya sa a rushe majami'un Kiristoci, a ƙone littattafansu. A 313, lokacin da sarki Konstantin ya ba da 'yancin ibada, Kiristoci tsiraru ne a daular. Yawan da kake nufi akasari bayan nan ya zo, musamman da sarki Tiyodosiyas ya mai da Kiristanci addinin hukuma a 380.

Wadda ta fi dacewa da shekarun farko, a ganina, ita ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Danƙo in ya faɗi sai ya ɗauko wani abu. Annoba ta afka wa daular a 165, ta sake dawowa wajen 250. Mutane da dama suka guje wa majinyatansu, Kiristoci kuwa suka tsaya suna ba su ruwa da abinci, suna binne gawa. Mai zazzaɓin da ake shayar da shi ya fi wanda aka yasar damar tashi, in ya tashi kuma ya san gidan da ya tsaya masa. A 362 sarki Juliyan, wanda ya so maido da bautar gumaka, ya yi kuka a wasiƙa cewa Galilawa, wato Kiristoci, suna ciyar da matalautansu, har da na maguzawa.