Ƙanena ya mayar wa ciyaman martani a WhatsApp, yanzu yana ofishin 'yan sanda

Malama, na karanta saƙonki. Kin ce ciyaman ɗin ƙaramar hukumarku ya yi magana a guruf, ƙanenki ya ce masa "ba ka isa ba, ka fara gyara mana rijiyar burtsatse tukunna", washegari aka zo aka tafi da shi.

Gaskiya tsiwa ko rashin kunya ba laifi ba ne a doka, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar faɗin ra'ayinsa, har a kan gwamna ma balle ciyaman. Inda ake kama mutane shi ne idan maganar ta koma zagi wanda zai iya tada husuma, sashe na 399 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, kenan, ko ya ce masa ɓarawo alhali ba shi da hujja, wannan ɓata suna ne, sashe na 391. Shi kuma sashe na 24 na dokar intanet ta 2015 da 'yan sanda ke son ɗorawa mutane, an gyara shi a 2024, yanzu don kawai magana ta ɓata wa wani rai bai isa ba.

To kar ku goge komai, ku ɗauki hoton hirar gaba ɗaya daga abin da shi ciyaman ɗin ya fara faɗa. Ku je neman beli yau ɗin nan, kyauta ne a doka duk da na san yadda ake yi a kantar 'yan sanda. Ba su da ikon riƙe shi fiye da awa 24 in akwai kotu cikin kilomita 40, in sun wuce haka za mu iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, in babu kuɗin lauya akwai Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar zuwa gaban majistare. Za a karanta masa takardar tuhuma a ce ka amsa? wani ya raɗa masa ai ka amsa kawai a sallame ka, kar ya yarda wallahi. A 2022 a Kano wasu 'yan TikTok biyu da aka tuhuma da ɓata sunan Ganduje amsawa suka yi, aka yanke musu bulala ashirin-ashirin da tara da sharar kotu.

In kuma sulhu kuka zaɓa, a tura dattawa wajen ciyaman ba laifi, amma takardar ban haƙuri kar ya sa hannu sai na ga abin da aka rubuta a ciki.