Na kwashi adashi: shago zan kama ko firiza zan saya don sana'ar lemon kayan marmari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kano, ina yin zoɓo da kunun aya a gida ina aikawa shaguna biyu a unguwarmu. Na kwashi adashi naira 300,000, ina so in fara markaɗa kayan marmari da madara, irin wanda ake zubawa a gora ana sayarwa da tsada. Ƙawayena sun ce in kama shago a bakin titi, maigidana kuma ya ce in sayi firiza da janareta. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a wannan kwasa. Kada ki kama shago bana, kuma kada ki juye kuɗin nan kaf a kan firiza da janareta. Maigida ya fi ƙawayenki kusa da gaskiya, domin ya gane cewa sanyi ne ke riƙe da wannan sana'a. Inda muka rabu da shi kawai shi ne hanyar samun sanyin.

Abin da kika saba da shi daban yake da wanda za ki shiga. Zoɓo busasshe ne, kina iya sayen kwano goma a Dawanau ki ɗaure a buhu, ki riƙa dafa iya buƙatarki. Aya ma sai an jiƙa an markaɗa take fara lalacewa. Kayan marmari kuwa tun ranar da kika sauke su daga Adaidaita suke ƙirga kwana, da kin markaɗa su kuma sai su koma ƙirga awa. Ayaba ta yi baƙi, kankana ta tsinke ruwa ya rabu da tsoka, wanda aka sa wa madara ya yi tsami da zarar sanyinsa ya tafi. A wannan sana'ar, yawancin masu karyewa ba rashin iya haɗi ne ke karya su ba, kwantai ne.

Bari mu buga lissafi. Farashin da zan sa misali ne kawai, ki cire ki sa na kasuwarku na yau. A ce gora ɗaya ta ci kayan marmari na naira 350, madara da dabino 200, gorar kanta da murfi 100, ƙanƙara da wuta 100, leda da kuɗin kai wa 50. Ta tsaya miki a 800. Kika sayar 1,200, kina ganin ribar 400 ke nan, gora 30 kuma ribar 12,000 a rana. To, ki ɗauka 24 suka shiga, 6 suka kwana suka lalace. Cinikinki 28,800, kin kashe 24,000, abin da ya rage 4,800. Idan 10 suka kwana, kin yi aikin banza, ko sisi ba ki ci ba. Ki lura kuma ban sa ladan wahalarki a ciki ba. Gorar zoɓo idan ta yi kwantai asarar ba ta da nauyi, amma kowace gorar markaɗe da ta lalace tana cinye ribar gora biyu da aka sayar.

Shi ya sa nake tsoron shago. Haya a dunƙule ake biyanta ta shekara, ga kuɗin dillali, ga gyara, ga yarinya ko yaron da zai zauna. Kafin ki markaɗa kankana ɗaya jarin ya tafi. Sannan shago yana tilasta miki ki jera kaya kullum kina jiran mai wucewa, wanda shi ne ainihin abin da ke haifar da kwantai. Kasuwar sanyi kuma ba ta shekara ba ce. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ko ruwan sanyi kika ajiye zai ƙare. Damina na sauka ciniki ya ja baya, hunturu kuma mutane shayi da kunun gyaɗa suke nema. Mai shago ba ruwansa, watanni 12 zai karɓa. Kada kuma ki dogara da azumi yadda aka saba a 'yan shekarun nan: kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, yanzu ya baro tsakiyar bazara ya nufi hunturu. Za a ci gaba da sayen abin sha don buɗa baki, amma ba da irin ƙishirwar azumin Afrilu ba.

Janareta kuma, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya zama abin da sai mai babban ciniki ke iya ciyarwa. Firiza tana son awoyi masu yawa a jere kafin ta daskarar da kaya. Ki raba kuɗin man waɗannan awoyi a kan gora 30, za ki ga ribar ta ƙone a salansa.

Ga yadda zan so ki raba kuɗin. Ki sayi bilenda mai ƙarfi wadda ke iya niƙa daskararren abu, domin ƙaramar ta miya ba ta jure aikin kullum, motarta ƙonewa take yi. Ki sayi kula babba mai riƙe sanyi, da ƙaramin sikeli, da mazubi mai awo. Sikelin nan kada ki raina shi: wadda ke haɗi da ido, yau ta zuba mangwaro da yawa gobe kaɗan, ba ta taɓa sanin nawa gora ta tsaya mata, mai saye kuma ba ya samun ɗanɗano iri ɗaya. Sanyi kuwa hayarsa za ki yi. Ki nemi wani a unguwa mai firiza da sola, ko mai sayar da ƙanƙara, ku yi yarjejeniya ta wata-wata a ba ki gefe. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ki bar shi a hannu don sarin kaya da cike giɓin ranar da ba a yi ciniki ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amfanin wannan gefen firiza ba ajiye lemon da aka riga aka haɗa ba ne. Ki je 'Yan Lemo a Na'ibawa ki yi sari. Dilolin can suna sakin kayan da suka nuna sosai da sauƙi, saboda mai tebur ba ya son abin da ba zai kwana biyu ba, ke kuwa shi ya fi miki zaƙi. Nunanne nake nufi, ban ce ruɓaɓɓe ba. Ki wanke, ki fere, ki yanka, ki auna iya gora ɗaya ɗaya a leda, ki daskarar. Yankakken mangwaro ko ayaba a daskare yana yin makonni, kuma idan aka markaɗa shi haka yana ba da sanyi da kauri ba tare da an tsinka shi da ƙanƙara ba. Da haka kin mayar da kayan da ke lalacewa a kwana biyu sun zama kamar zoɓonki na buhu, ba kya haɗawa sai an nema. Ki bi kaka: mangwaro a bazara lokacin da ya cika kasuwa, kankana wadda ake nomawa nan kusa da mu. Abarba da ayaba daga kudu ake hawo da su, kuɗin mota na cikin farashinsu, don haka su zama na ƙarin ɗanɗano, kada su zama gangar jikin haɗin.

Abu ɗaya game da haɗi da ke jawo asara: ɗanyar abarba ko gwanda idan suka zauna da madara suna sa ta ɗaci bayan ɗan lokaci. Wanda za a sha nan take babu laifi, amma na gora da zai yi tafiya, ki haɗa abarba da citta ko kankana, ki bar madara ga ayaba da dabino da mangwaro. 'Yar matsar lemon tsami tana rage saurin baƙin ayaba.

Sai masu saye. Mai sayen zoɓon naira 200 a shagon unguwa ba shi ne zai ba da 1,200 ba, kuma mai shago sai ya sayar yake biya, abin da ya rage ya maido miki. Ki bar musu zoɓo da kunun aya, su ne ke kawo kuɗin cefane kullum, kada ki yi wasa da su saboda sabon abu. Markaɗen ki nema masa ma'aikatan ofis da banki da asibiti, da ɗaliban jami'a, da masu biki da suna da walima. Ki sa hoto a WhatsApp da daddare, ki rufe karɓar oda da safe, ki haɗa iya abin da aka nema. Odar biki kada ki taɓa wuƙa sai an ba da rabin kuɗi. 'Yan'uwa da maƙwabta masu "kawo in ɗanɗana" ki ware musu gora ɗaya ki rubuta ta cikin kuɗin talla, sauran kowa ya biya.

Maganar tsafta ina yinta da babbar murya, domin wannan abin sha ba a dafa shi kamar zoɓo. Duk ƙazantar da ta shiga, cikin mutum za ta. Ki yi amfani da ruwan da ke kanki za ki ba 'ya'yanki, ki sayi sababbin gora, ki daina tsintattu. Ƙanƙarar da ake sayarwa a bakin hanya ta sanyaya gora ce daga waje cikin kula, kada ta shiga bilenda, musamman da damina lokacin amai da gudawa. Idan mutum ɗaya ya kwanta saboda lemonki, ofis ɗinsu gaba ɗaya kin rasa, ga haƙƙi a wuyanki. Ranar da kika yi niyyar manna suna a gora ki kai manyan kantuna, sai kin yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kin nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Wannan na gaba ne, amma ki fara tara kuɗinsa.

Ki sayi littafi mai layi ki riƙa rubuta abu huɗu kullum: nawa kika haɗa, nawa suka shiga, nawa suka lalace, nawa kika biya na sanyi. Kuɗin sana'a ya zauna a asusunsa daban, kada ya gauraya da na cefane. Bayan wata uku ku zauna da maigida da littafin a gaba. Idan kwantai bai wuce gora ɗaya cikin goma ba, kuma gefen da kike haya ya yi miki kaɗan, lokacin firiza ya yi, sai ku nemi mai buɗewa ta sama wadda ta fi riƙe sanyi idan an ɗauke wuta, ku tambayi masu haɗa sola nawa zai ci a ɗora ta. Kuɗinta kuma ya fito daga riba ko kwasar adashi ta gaba, kada ki ci bashi a kanta.