Muryar Goggo a guruf ɗin gida: amsar tambayar Auta kan Mas na matattu

Salama, salama, mutanen gida. Barkanmu da yamma, Goggo ce. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin nan ya fara taɓa ni. Auta, na ji saƙonki tun da safe, ina wajen roron wake ne shi ya sa ban amsa ba. Kika ce wata ƙawarki a wajen aiki ta tambaye ki wai a ina aka rubuta a yi wa matacce addu'a, wai wanda ya tafi ya tafi, me Mas, wato babbar sujadar da Fada ke yi a coci, zai ƙara masa. Na ga yayyenki duk sun yi gum, sai hoton hannuwa suke turowa. To ni zan amsa.

Amma fa Auta, a bayana kika girma, na san ki. Maganar babanki ce ke cin ki. Kina tuna shekarun da ya yi bai taka coci ba, da zaman da yake yi a gidan burkutu, kina tsoron ko ɓata bakinmu muke yi. Yayana ne, na riga ki sanin halinsa.

Bari in fara sallamar ƙawar taki. Ki buɗe littafin Makabi na biyu, sura 12. Bayan yaƙi Yahuda Makabi, shugaban mayaƙan Yahudawa, ya je kwashe gawawwakin sojojinsa, sai aka tarar da layun gumaka a ƙarƙashin rigunansu. Layu fa! Abin da doka ta hana. Bai ce a watsar da su ba. Ya tara azurfa dirhami 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya saboda zunubinsu. In ta ce ba ta gan shi a nata Littafi Mai Tsarki ba, gaskiyarta, nasu littattafai 66 ne, namu na Katolika 73. Kada ki yi faɗa da ita a kan wannan, tun kafin a haifi kakanninmu ake wannan gardama. Akwai kuma inda Bulus ya roƙa wa Onisifaras jinƙai a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti... a'a, bar wannan, katekis ya fi ni iya bayaninsa.

Ni dai Monika mai tsarki, uwar Agustin, nake so ki riƙe. Na san za ku ce Goggo ta fara, kullum Monika. E, na fara. Shekara nawa ina Zumuntar Mata, duk ranar 27 ga Agusta sai mun yi bikinta, amma rabin matan ba su san komai a kanta ba sai dai ta yi kuka saboda ɗanta. Matar nan 'yar Afirka ce, garinsu Tagaste, a ƙasar Aljeriya ta yanzu. Kuma gidanta ba gidan mala'iku ba ne. Mijinta Fatirishiyus ba mai bi ba ne, ga zafin rai, ga bin mata. Uwar miji kuma bayin gida sun cika mata kunne da gulma har ta tsane ta. Ita kanta Monikar, tana yarinya, in an aike ta ɗebo ruwan inabi sai ta ɗan kurɓa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta kai tana shanye kofi. Sai da wata baiwa ta zage ta da 'yar mashaya, kunya ta kama ta, ta bari. Ɗanta Agustin ne da kansa ya rubuta wannan, bai ɓoye ba.

Shi Agustin ɗin kuwa, hmm. Ya ajiye mace ba aure, har da ɗa. Ranar da zai gudu Roma ƙarya ya yi mata, ya ce aboki zai raka bakin jirgin ruwa, ya bar ta tana addu'a a ɗakin sujada, gari ya waye jirgi ya tafi. Ta bi shi har Milan. Akwai wani bishop da ta dama da roƙo tun suna gida, har ya gaji ya ce mata ta tafi, ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. A 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma daren Ista. Au, na tsallake mijin. Shi ma ya karɓi baftisma, amma sai dab da mutuwarsa. Ki riƙe wannan, Auta, dab da mutuwarsa.

To a shekarar nan ta 387 suna hanyar komawa gida, ciwo ya kama ta a Ostiya, bakin teku kusa da Roma. Kwana tara ta yi ta cika, tana da shekara 56. Tun da daɗewa ta tanadi kabarinta kusa da na mijinta, ɗayan ɗan nata ma yana ta damuwa kada ta mutu a baƙuwar ƙasa. Ta ce musu su binne jikin nan ko'ina, kada ya dame su, abu ɗaya take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. Kuma Agustin ya yi. Matar da yau muke kira mai tsarki, ɗanta ya roƙa mata gafarar zunubai, ya kuma roƙi duk mai karanta littafinsa ya tuna da ita da mijinta a bagade. Har da mijin, mai zafin ran nan. To wa ya ce a cire sunan babanki?

Kuma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke raina shekara shida. Lokacin jana'izar Yaya, kwana uku kuna taro a kan anko. Kala kaza, yadi kaza. Aka yanka saniya, aka ɗauko masu kiɗa daga gari, aka buga hotonsa a jikin robobi da kalanda. Na ce a ware kuɗin Mas, ko na wata ɗaya ne, wani a cikinku, yana jina yanzu, ya ce Goggo a bari a gama da baƙi tukuna. An gama da baƙin? Robar tana nan a ɗakina ina zuba gero, hoton ma ya goge. Kuɗin kajina na ɗauka na kai ofishin coci, ban gaya wa kowa ba sai yau. Ita Monika ma ai ta saba kai abinci da ruwan inabi kaburburan tsarkaka yadda ake yi a ƙasarsu, da ta je Milan aka ce bishop ya hana, ba ta yi musu ba, ta bari. Mu kuwa a hana mu shinkafa a ga tashin hankali.

Ban ce kada a ci abinci ba fa, kada a juya min magana. Baƙo dole ya ci.

Kuma abin da ba ki sani ba, Auta, kina makaranta lokacin. Daren da jikinsa ya yi tsanani, shi da bakinsa ya ce a kira Fada. Da babur aka ɗauko shi cikin ruwan sama, rigarsa sharkaf. Aka fitar da mu, suka daɗe su biyu. Da na koma ciki na ga rosarin mamarku a hannunsa, ya riƙe shi a juye, bai ma san ta inda ake farawa ba. Abin da ya wuce tsakaninsa da Allah ni ban sani ba, ƙawarki ma ba ta sani ba. Inda yake ana tsarkake shi ne ko ya riga ya huta, mu dai roƙo ne namu.

Ranar 2 ga Nuwamba ta kusa, ranar tunawa da dukan matattu. Samarin gida ku je da fartanya ku share kaburbura tun ana jibi, ciyawa ta rufe na Kaka gaba ɗaya. Ke kuma Auta, ki karɓi ambulan a wajen katekis ranar Lahadi, ki rubuta sunan babanki da na mamarku. Sunansa na baftisma za ki sa, ba wanda abokan shansa ke kiransa ba, kada Fada ya karanta a gaban jama'a mu sha kunya. In kin manta shi ki kira ni bayan rosarin dare.