Layi uku a kan bulot ba lallai laifin antibodi ba ne

Ka ce ka zuba samfurin kakin masu ciwon huhu a jel, ka yi westan bulot (gwajin da ake raba furotin bisa nauyinsu a jel, a kwashe su kan wata takarda da ake kira mambure, a gano wanda ake nema da antibodin da ke manne masa) kana neman furotin alfa-1 antitiripsin, sai ga layi uku maimakon ɗaya, kana tambaya ko antibodin ya lalace ne a yi odar wani. Dakata tukuna, ɗana. Da dala ake sayen 'yar kwalbar nan, kuma kafin wata ta taso daga Turai ta iso Kaduna an sha makonni. Jawo kujera mu duba layukan.

Hanta ce ke ƙera wannan furotin ta zuba shi a jini. Aikinsa tare elastes, enzayim ɗin da fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa, don kada ya cinye naman huhu. Amino asid 394 gare shi da sarƙoƙin sukari uku, shi ya sa yake tsayawa wajen kilodaltan 52 (kilodaltan ma'aunin nauyin furotin ne). Layinka na tsakiya ke nan.

Sauran biyun, yadda yake kama elastes ne ya haife su. Tarko yake ɗanawa. Yakan miƙo wani ɗan sashe na jikinsa, elastes ya kai cizo, yana yankawa sai furotin ɗin ya juye da shi su maƙale gam. Ko an tafasa su da SDS, sinadarin da ke warware furotin, ba sa rabuwa, to shi ne layin can sama, wajen 80. Wani lokaci kuma elastes ya yanka ya kuɓuce, ko wani enzayim ya riga shi yankan wurin, sai guntu na kusan kilodaltan 4 ya fita, ragowar ta sauko ƙasa da 52 kaɗan. Antibodinmu polikulonal ne na zomo, wato wurare da yawa yake kamawa a jikin furotin, don haka duk ukun zai gani. Da monokulonal ne, irin dabarar da Köhler da Milstein suka fito da ita a Kambirij a 1975, wuri ɗaya tak zai riƙe. Idan wurin a guntun da ke fita yake, yankakken ba zai bayyana ba sam, kai kuma ka yi ta murna bulot ɗinka ya yi tsaf.

Amma fa maganata ba hujja ba ce, kwantirol ne hujja, wato gwajin kwatance. Abin da ya fi damuna ma layin tsakiyar ne. Babbar sarƙar IgG, antibodin da ke jikin ɗan Adam, wajen 50 take tsayawa, dab da furotin ɗinmu, kuma antibodi na biyu, wanda ke manne wa na farko don layi ya fito, yakan kama ta in ba a tace shi da kyau ba. Saboda haka gobe ka yanka mamburen biyu, rabi ɗaya kada ka sa masa antibodi na farko. Duk layin da ya fito a rabin nan ba namu ba ne. A rijiya ɗaya ta jel, wato ramin zuba samfuri, ka zuba tataccen antitiripsin da muka saya, a ta kusa da ita ka zuba shi bayan ka gauraya shi da ɗan elastes. In na 80 ya fito a ta biyu kaɗai, magana ta ƙare.

Ka riƙa kallon jel da natsuwa. A 1963 Laurell da Eriksson a Malmo ta Suwidin sun gano cutar ƙarancin wannan furotin ne saboda sun lura layin alfa-1 babu shi a jinin wasu mutane.

Ina ka ajiye kwalbar antibodin ta jiya? In ka mayar da ita firiza gaba ɗaya, fito da ita yau ka rarraba ta a ƙananan tub, kowanne na aiki ɗaya, ka rubuta kwanan wata. Da yadda ake ɗauke wuta a garin nan, ga zafin Afrilu, narkewa da sake daskarewa ne ke kashe antibodi. Ka sa su can cikin firizar da ke kan janareta, kada ka bar su a jikin ƙofa.